Yawan Tunani Ciwo Ne, Kuma Yana Da Magani: Darasi Daga Bencin Kakanni

 Ina gaida iyayena makiyaya da ke mashekari, rediyo na rataye a kafaɗa. Ina gaida 'yan kasuwar kan iyaka, daga masu jiran layi a Jibiya da Ɗan Isa, zuwa na Illela da Birnin Konni, da na Maigatari, da na Kamba da Gaya. Direbobi da 'yan kamasho da dillalan kara, barkanku da war haka.

Makon jiya, ana dab da rufe shiri, wani dattijo ya kira mu. Bai faɗi sunansa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce mini: "Yaro, ina da tambaya. Ɗana ne, tun daren da aka kore mana shanu bai sake zama mutum ba. Ba ya barci. Ko akuya ta taka kara sai ya zabura. Abinci sai an yi da gaske. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an kai shi an gwada jini an ce ba zazzaɓi. To mene ne wannan?" Na ce masa, "Baba, ni ba likita ba ne, amma ka ba ni mako guda." Lokaci ya ƙare, layi ya yanke, amma tambayar ta bi ni har gida. Shirin yau amsar Baba ce, kuma na san ba shi kaɗai ke jiran ta ba.

Bari mu fara da sunan abin. Mu a Hausa mukan ce yawan tunani, ko damuwa, ko ɓacin rai da ya ƙi wucewa, ko firgita. Likitocin ƙwaƙwalwa sun raba su gida-gida: akwai ciwon damuwa, wanda ke kashe wa mutum jiki da sha'awar komai; akwai ciwon fargaba; akwai kuma firgitar da ke biyo bayan mummunan abin da mutum ya gani da idonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ce mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Wani ƙiyasi da hukumar ta fitar a mujallar likitoci ta Lancet a 2019 ya nuna cewa a yankunan da rikici ya taɓa, abin ya kai kusan mutum ɗaya cikin biyar. Ku lissafa da kanku. Ruga mai manya ashirin da ta ga tashin hankali, kusan mutum huɗu ke nan. Kuma mun san shekarun da muka ratsa: satar shanu, garkuwa da mutane, fari, rufe iyaka a 2019, sake rufewa a 2023, albasa da tumatir sun ruɓe a cikin mota, jari ya narke ana kallo.

To me ke faruwa a cikin kan mutum? A nan masu binciken ƙwaƙwalwa suka taimaka mana. Can cikin ƙwaƙwalwa, ta dama da ta hagu, akwai wani ɗan yanki da bai wuce girman ƙwarar gyaɗa ba, suna kiran sa amigdala. Ku ɗauke shi kamar karen ruga. Aikinsa gadi. Da ya ji motsin haɗari sai ya yi haushi, jiki ya saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta hau bugawa, numfashi ya ƙaru, barci ya gudu, ƙafa ta shirya gudu ko hannu ya shirya faɗa. Wannan rahama ce. Ba don ita ba, da kura ta gama da kakanninmu. A gaban ƙwaƙwalwa kuma, daidai bayan goshi, akwai sashen da ke auna abu, ya yi lissafi, ya yanke shawara. Shi ne maigidan da ke leƙowa ya ce wa kare, "Kai, yi shiru, iska ce."

Abin da ke samun mutum irin ɗan Baba shi ne, karen ya ga ɓarayi da gaske sau ɗaya, daga ranar ya ƙi yin shiru. Ganye ya faɗi, haushi. Babur ya wuce, haushi. Maigidan kuma ya gaji, muryarsa ba ta kai wa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Gadi ne ya wuce ƙa'ida.

Bincike biyu da aka yi a Amurka a 2007 sun ƙara haske, kuma dukansu sun shafi rayuwarmu. Na farko a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, ƙarƙashin wani masanin barci mai suna Matthew Walker. Suka hana wasu matasa masu lafiya barci na kimanin awa 35, sannan suka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Amigdalar waɗanda ba su yi barci ba ta zabura fiye da ta waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma alaƙarta da sashen bayan goshi ta yi rauni. Wato dare ɗaya na rashin barci ya isa ya sa kare ya daina jin maganar maigida. Direban da ke kwana a hanya, da makiyayin da ke gadin garke dare bayan dare, ku riƙe wannan. Saurin fushin nan da ake cewa halinka ya canza, sau da yawa bashin barci ne.

Na biyun a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, ƙarƙashin Matthew Lieberman. Suka nuna wa mutane fuskoki masu fushi da masu tsoro. Idan mutum ya kalla kawai, amigdala ta motsa. Amma idan aka sa shi ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da yake gani, wato ya ce wannan fushi ne, wannan tsoro ne, sai motsin nata ya ragu, sashen gaban goshi ya ƙara aiki. Ƙaramin bincike ne, ba shi kaɗai za a kafa hujja da shi ba. Amma ya nuna hanya: sa wa abin da ke damun ka suna, da baki, yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ku riƙe wannan ma, don shi zai kai mu Zimbabuwe.

A ƙasar Zimbabuwe, can kudancin Afirka, akwai wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda. Wajen 2005, likitoci irinsa a ƙasar duka ba su wuce goma sha wani abu ba, ga mutane sama da miliyan goma. A shekarar ne gwamnati ta rushe unguwannin talakawa a birane, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 700,000 sun rasa muhalli ko sana'a. A lokacin kuma wata budurwa da yake dubawa, wadda ta koma garinsu mai nisa, ta kashe kanta. Da ya tambayi mahaifiyarta me ya hana su dawo da ita asibiti, sai ta ce ba su da kuɗin mota. Shi da kansa ya sha ba da labarin nan a bainar jama'a. Ya ce a ranar ya gane cewa zaman jiran mara lafiya a babban asibitin birni ba zai fisshe su ba.

Ba kuɗi, ba ɗakuna, ma'aikatan jinya kuma aiki ya yi musu yawa. Abin da hukumar birnin Harare ta iya ba shi shi ne tsofaffin mata 14 da dama suke aikin wayar da kai kan tsafta da lafiya a unguwar Mbare, waɗanda jama'a ke kira kakanni. Wurin zama kuwa, bencin katako a harabar ƙaramin asibiti, ƙarƙashin bishiya. Haka aka fara abin da ya yi suna da Bencin Abota, wajen 2006.

Abin da ya burge ni shi ne, tsofaffin nan ba su karɓi kalmomin likita yadda ya kawo su ba. Suka ce masa in ka zo wa mutanenmu da sunan ciwo na Turanci, ba mai zama. A harshensu na Shona akwai kalmar kufungisisa, ma'anarta yawan tunani. Kun ji fa, daidai da tamu. Da ita suka yi aiki. Matakan maganin ma da harshensu suka raɗa musu suna: buɗe zuciya, ɗaga mutum, sannan ƙarfafa shi.

Yaya zaman yake? Ba wa'azi ba ne, ba kuma nasiha ba ce irin ta "yi haƙuri, kowa da tasa." Zama shida ne, kusan mako-mako, kowanne bai cika wuce minti 45 ba, in ban da na farko da kan kai awa guda. Bari in kwatanta da mutumin da muka sani, don ya fi shiga. A ce ɗan kasuwa ne, kayansa sun lalace a bakin iyaka. Ya zauna, kaka ta ce, "Ɗana, ina jin ka." Sai ta yi shiru. Ya zazzage: bashin Alhajin da ya ba shi kaya, kuɗin haya, matar da ta yi yaji, yaron da aka koro daga makaranta, ciwon kai, rashin barci. Ba ta katse shi. In ya yi kuka, ta bar shi ya yi. Da ya gama sai ta maimaita masa abin da ta ji, ɗaya bayan ɗaya, har ya ga cewa dutsen da ya danne masa ƙirji ashe duwatsu shida ne, ba ɗaya ba.

Sai ta tambaye shi: "A cikin shidan nan, wanne za mu fara taɓawa?" Shi zai zaɓa, ba ita ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ce ya zaɓi bashi. "To me da me za a iya yi?" Ya kawo hanyoyi, masu kyau da marasa kyau, duk a baje su. Gudu ya bar gari. Sayar da babur. Neman wani dattijo ya raka shi wurin Alhaji a tsara biya kaɗan-kaɗan. Su auna kowacce. Ya ɗauki ɗaya. Sannan tambayar da ta fi kowacce muhimmanci: "Yaushe? Wace rana? Da wa za ka je?" Ya ce Laraba bayan la'asar, da kawunsa. Mako na zagayowa ta ce, "Ɗana, ya aka yi da Laraba?" In ya yiwu, a ɗauki dutse na biyu. In bai yiwu ba, a duba abin da ya hana, ba zagi ba gori. Bayan wasu zama, akan haɗa mutum da ƙungiyar waɗanda suka riga shi zama a bencin, suna hira suna sana'ar hannu, kamar saƙa jaka da tsofaffin leda.

Wani zai ce, to ai wannan hira ce kawai, wa ya ce tana magani? Tambaya ce mai kyau, kuma masu bincike sun yi wa kansu ita. Makiyayi ya san yadda ake gane allurar dabbobi ta gaskiya: garke biyu masu kama da juna, a yi wa ɗaya a bar ɗaya, a jira a gani. Haka suka yi. Suka ɗauki ƙananan asibitoci 24 a Harare, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada a ce an zaɓi masu sauƙi. Mutum 573 suka shiga, mafi yawansu mata, da yawa kuma suna ɗauke da cutar ƙanjamau. Rabi suka zauna a benci. Rabi aka ba su kulawar da aka saba, da ɗan ƙarin bayani da shawara daga ma'aikacin jinya. Bayan wata shida aka sake auna kowa da tambayoyi iri ɗaya.

Sakamakon ya fito a mujallar likitocin Amurka, JAMA, a watan Disamba na 2016. A cikin waɗanda ba su zauna a benci ba, kusan rabi har lokacin suna da alamun ciwon damuwa. A cikin waɗanda suka zauna, kimanin 14 cikin ɗari ne kawai. Ta fuskar fargaba, 48 cikin ɗari a can, 12 cikin ɗari a nan. Jama'a, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Kuma masu aikin ba likitoci ba ne. Tsofaffin unguwa ne da aka ba horo na kwanaki, ana duba aikinsu, kuma suna da wanda za su miƙa wa mara lafiya idan abin ya fi ƙarfinsu. Wannan sharaɗi na ƙarshe kada a manta da shi.

Ba a Zimbabuwe kaɗai aka gwada irin wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri mai kama da shi, na zama biyar, don wuraren da bala'i ya afka wa. Ana koya wa mutum abu huɗu: numfashi a hankali don kwantar da jiki, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa ga ƙananan ayyukan yau da kullum ko da zuciya ba ta so, da kuma sake kusantar mutane. An gwada shi a Peshawar ta ƙasar Pakistan, kusa da iyakar Afganistan, yankin da ya sha bama-bamai da gudun hijira, da mutum 346. An kuma gwada shi a Nairobi ta Kenya da mata 421 da aka ci zarafinsu. A duka biyun, wata uku bayan gama zaman, waɗanda suka samu shirin sun fi sauran samun sauƙi. Na kawo Peshawar da gangan, domin mutanen can Musulmi ne, masu kunya da riƙon sirrin gida kamar mu, kuma su ma mutanen kan iyaka ne.

Yanzu sai in faɗi iyakar abin, don kada in yaudare ku. Benci maganin yawan tunani ne, da fargaba, da damuwa. Akwai ciwon da ya wuce nan, wanda muke kira taɓin hankali: mutum yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yana ganin ana bin sa za a kashe shi, yana surutai marasa kan gado, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta ɓarnar dukiya. Wannan yana buƙatar maganin asibiti. Kuma mun san inda ake fara kai irin waɗannan bayin Allah: gidan malam ko gidan mai magani, wani lokaci har da mari a ƙafa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2020 cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60, ba mu kaɗai ba ne. Mafi yawan iyayen da ke yin haka ba mugunta ba ce, rasa yadda za su yi ne.

A nan ma akwai bincike, kuma a gida Afirka ta Yamma aka yi shi. Farfesa Oye Gureje na jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka ce, tunda mutane ba za su daina zuwa wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a ba, me zai hana a haɗa hannu? A Ibadan ta Nijeriya da Kumasi ta Gana, suka horar da masu maganin da ma'aikatan ƙananan asibitoci tare. Mara lafiya yana nan a gidan mai magani, ma'aikacin asibiti yana zuwa a kai a kai ya duba shi, ya ba da ƙwayar da ta dace, su yi shawara. Marasa lafiya 307 aka bi. Sakamakon ya fito a Lancet a 2020: bayan wata shida, waɗanda aka yi musu haɗin gwiwar sun fi sauran samun sauƙin alamun ciwon, sun kuma fi komawa harkokinsu. Ɗauri da duka da makamantansu sun ragu ƙwarai a ɓangarorin biyu. Darasin shi ne, ba sai an zaɓi tsakanin malam da likita ba. A yi addu'a, a sha magani, a kwance mari. A Nijeriya ma, a watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙoƙin mara lafiya.

Akwai wata hanya da matasanmu ke bi don su sa karen nan ya yi shiru, kuma dole in ambace ta. Tiramol. Ana samun ta a tasha, a kasuwar kara, a hannun mai tallan magani a faranti. Yaro ya sha don ya jure tafiya da garke, direba ya sha don ya kai Legas ko Kwatano bai runtsa ba, wani kuma ya sha don ya manta abin da ya gani. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba a shekara guda, kuma tiramol ce kan gaba. Tana sa a ji sauƙi na 'yan awoyi. Amma ƙwaƙwalwa tana sabawa, sai ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma biyar. Ranar da babu, fargabar ta dawo ta ninka, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi. Idan ta yi yawa tana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, tana iya tsayar da numfashi. Wanda ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Ya je asibiti a taimaka masa ya rage a hankali. Kuma mu da ke gefensa, kafin mu ce ɗan ƙwaya, mu tambaya: me yake gudu?

To, ina muka dosa da duk wannan? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. A Nijar sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Ko shekara ashirin aka ba mu, ba za a kai likita kowace ruga da kowace tasha ba. Amma benci muna da shi. Muna da tabarma a gindin bedi. Muna da dakali a ƙofar gida, da rumfar mai shayi, da bakin rijiya, da majalisar bayan isha'i. Muna da ardo, da sarkin tasha, da sarkin zango, da limami, da ungozoma, da goggo da inna waɗanda kowa ke kai wa kuka. Abin da ya rage shi ne horo, da kuma sauya yadda muke sauraro.

Na san abin da ke tsaye a hanya. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Iyayena Fulani kuma suna da munyal da semteende, haƙuri da kunya, waɗanda su ne ƙashin bayan pulaaku. Namiji ba ya kuka, babba ba ya kai ƙara wurin yaro. Ni ɗanku ne, ba zan ce a zubar da waɗannan ba, su suka riƙe mu a shekarun fari da na yunwa. Amma ku duba: saniya in ta fara ɗingishi, ba wanda ke cewa ta yi munyal. Ana kama ta a duba kofato tun kafin ƙafar ta ruɓe. Wanda ya karye a hannu ba ya jin kunyar zuwa wurin maɗori. Faɗa wa mutum ɗaya amintacce abin da ke cin ka, a keɓe, ba tallan sirri ba ne. Neman magani ne.

Ga wanda aka zo wurinsa kuwa, Baffa ko Inna ko aboki, ga abin da za ka iya ɗauka daga kakannin Harare tun yau. Ka ja shi gefe, inda ba kunnen kowa. Ka yi shiru ka bar shi ya gama. Kada ka yi saurin cewa "ai wane ya fi ka asara." Ka taya shi ƙirga matsalolin, ka bar shi ya zaɓi guda. Ku tsayar da rana da abin da zai yi, ko da ƙanƙane ne. Ka koma ka tambaye shi. Abin da ya faɗa maka kuma ya mutu a cikinka, domin ranar da maganarsa ta fito a rumfar mai shayi, ka rufe wa mutum goma baki. Ku taimaka masa ya samu barci: a karɓe shi gadin dare na wasu kwanaki, a rage shayi mai kauri da goro bayan magariba. Kada a bar shi shi kaɗai a bukka wai don ya huta. A ja shi zuwa masallaci, zuwa kasuwa, zuwa bakin rijiya, sannu a hankali.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko ya gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa yana sallama da mutane ba dalili, kada a ɗauka wasa ne. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Haka wanda ke jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, ko mai jegon da ta rikice bayan haihuwa, ko wanda ya rikice tare da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya, domin wannan yana iya zama ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye. A fara da asibiti mafi kusa, su za su tura gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Maiduguri, kuma babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu wannan lalura.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin makiyaya da na 'yan kasuwa da na direbobi, na nan da na tsallake. In kun zauna da jami'an lafiya, kuna roƙon allurar dabbobi da rijiya da maganin zazzaɓi, ku ƙara da wannan: a horar mana da mutum biyu ko uku a kowace kasuwa da kowane zango, mace da namiji, masu jin Hausa da Fulatanci, a haɗa su da asibitin da za su riƙa miƙa wa. Littafin koyarwar Hukumar Lafiya ta Duniya yana nan, kyauta ne. An gwada, an ga yana aiki. Ba gini ake nema ba.

Baba, in kana ji na, ga amsarka. Abin da ka kwatanta ya yi kama da firgitar da ke bin wanda ya ga tashin hankali, amma ma'aikacin lafiya ne zai tabbatar bayan ya zauna da shi. Ɗanka bai haukace ba, bai kuma zama rago ba. Da yawa irinsa sun warke. Ka ci gaba da yi masa addu'a. Ka nemo wanda ya fi sakin jiki da shi, ko kawunsa ne ko abokinsa, ya zauna ya saurare shi, ba tare da tilasta masa ya ba da labarin daren ba sai in shi ya so. Ka sauke masa gadin dare. Sannan ku koma asibiti, wannan karon kada ku ce zazzaɓi. Ku faɗa musu duk abin da ka faɗa mini, kalma da kalma. Shanun da aka kora, Allah ya mayar da alheri. Yaron kuwa yana nan a hannunka, shi za a fara ceto.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, layukanmu za su kasance a buɗe tun farkon shiri. Wanda ke da tambaya ya kira, ba sai ya faɗi sunansa ko garinsu ba. Masu tafiya, Allah ya sauke ku lafiya. Masu kiwo, Allah ya tsare garke ya ba da damina mai albarka. Na bar ku lafiya.